Gadaje Biyu Don Hassan da Husaini

Ko da tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, ba zan taɓa mantawa da ranar sunan tagwayena ba. A ranar ce na tabbatar wa kaina, da duk mutanen unguwarmu, cewa mutum yana iya zama gwani a hannu kuma wawa a ka. Wauta na yi ta iri-iri, wata ina yaro, wata da gemuna, amma wannan ita ce babbar yayarsu, don saura kaɗan ta ci rai.

Sana'ata ɗaurin gado. Karatuna bai wuce inda malam ya gaji da dukana ya ce wa babana ya nema mini abin yi da hannu ba (duk da haka matata Malam take ce mini, Allah Ya saka mata). Ina ɗaura gadon kara, ina ɗaura na tukurwa in fatake sun kawo ta daga kudu, ina yin kujeru. Lokacin Nasara ba su daɗe da zama a Sakkwato ba. Barikinsu yana bayan ganuwa, inda kuwa ake kira Gawon Nama yanzu duk gonaki ne da kukan kura. Har a lokacin, in Bature ya wuce a kan doki mata sukan janye yara su shige gida.

Matata Luba ta taɓa haihuwa sau ɗaya kafin tagwayen. Namiji ne, lafiyayye. Ya yi kwana goma sha biyu a duniya, wata safiya ta farka ta same shi a gefenta ba rai. Ba wanda ya ce mata komai, kowa ya ce kwana ne ya ƙare, amma ita ta sa wa ranta cewa danne shi ta yi cikin barci. Shekara uku tana ɗauke da wannan.

Sai ga biyu a tashi ɗaya, cikin tsakiyar damina. Gwaggo Tumba ce ta karɓi haihuwar, yayar babana, ungozomar da rabin unguwarmu a hannunta suka faɗo, har da ni. Na farkon ya fito da ƙiba da murya kamar mai shela. Na biyun kuwa, da aka miƙo mini shi, na ji kamar ɗan tsako aka ɗora mini a tafin hannu. Gwaggo ta ce a riƙa lura da shi. Kwana uku tana kwana a gidanmu, a na huɗu aka zo aka ɗauke ta zuwa wani ƙauye a hayin gulbi inda haihuwa ta yi gardama. Ta ce za ta dawo ran suna.

Tafiyarta ke da wuya na gane Luba ba ta barci. Kun san gadon jego, na ƙasa ne, ana hura wuta a ƙarƙashinsa don jikin mai jego ya gasu, faɗinsa kuwa bai fi na mutum ɗaya da rabi ba. Sai ta jingina da bango a zaune, ɗaya a wannan hannu, ɗaya a wancan, ido ja wur. In gyangyaɗi ya ɗebe ta sai ta zabura ta hau laluben hancinsu. Na ce ta kwanta. Ta dube ni ta ce, “Malam, guda ɗaya ma ban iya tsare shi ba. Yanzu biyu na.”

Na ce a raina, ni da nake ɗaura wa garin nan gadaje, a ce ɗiyana ba su da wurin kwanciya?

To, ga inda Shaiɗan ya shigo. Watanni kafin nan na kai wa wani Bature kujera a bariki. Abokina Altine, wanda muka yi wasan ƙasa tare, shi ne kukunsa, shi ya samo mini aikin. Aka ce in tsuguna a tsakar gida in jira. Ina tsugune sai na hango wani abu a baranda, a inuwa, daidai inda iska ke ratsawa. Ɗan akwati ne mai ƙafa huɗu dogaye, kowace ƙafa a tsome cikin gwangwanin ruwa, jikinsa duk raga, an yafa masa farin ƙyalle a sama. Bature ya fito, ya nufi abin nan a hankali, ya ɗaga ƙyallen, ya sunkuya, ya shaƙa, ya yi murmushi, ya yi wata 'yar magana ƙasa-ƙasa. Ƙuda ɗaya ya zo wucewa, ya bi shi da hula kamar zai yi yaƙi. Sannan ya rufe, ya gyara ƙyallen da yatsa biyu.

Na ce, Allahu Akbar, ashe haka Nasara ke kwantar da jariransu! Ruwa don kada cinnaka ta hau, raga don ƙuda da sauro, tsawo don ɓera. Ba mai danne shi, ba mai taka shi. Kai, mutanen nan sun san duniya.

(Baturen nan ba shi da mata a garin nan. Kowa ya sani, ni ma na sani. Amma kaina bai tambaye ni daga ina jariri ya fito ba. Altine kuwa yana nan tsaye kusa da ni, tambaya ɗaya ta isa, sai dai ban so ya ce ni baƙauye ne.)

Na shiga rumfata na yi kwana ɗaya da wuni ina aiki. Raga ta waya ba ni da ita, sai na tsaga tukurwa siri-siri na jera ta tsaye da tazara, iska na shiga ta ko'ina. Ƙafafu dogaye, har ƙugu. Na sayo kasake takwas na zuba ruwa. Na yanka wani tsohon farin rawanina na yi abin yafawa.

Me ya sa biyu, ba ɗaya ba? Ai kowa ya san tagwaye ba a fifita ɗaya a kan ɗaya. Abin da ka yi wa Hassan shi za ka yi wa Husaini, in ba haka ba wanda aka rage wa ya yi fushi ya turo maka kunama. Haka muka taso muka ji, ni kuwa kunama ta taɓa harbina a ɗan yatsa, ba na neman ƙari. Na zauna na yi tunani irin na manya: in gado ɗaya ne, dole ɗaya ya fi kusa da uwarsa, ɗaya ya yi nesa. Wa za a sa a ina? Rigima ke nan. Don haka na yi biyu iri ɗaya sak. Na ƙirga tukurwar kowanne. Da na ga ɗaya ya fi ɗaya santsi, sai na ɗan kankare mai santsin don su yi daidai.

Da na shigar da su ɗaki, na auna taku daga gadon Luba: taku huɗu dama, taku huɗu hagu. Na dama ya faɗa kusa da randa. Na hagu ya faɗa daidai bakin ƙofa, inda iskar damina ke shigowa ta ƙarƙashin asabari. Na ce madalla, a bariki ma wurin iska aka ajiye shi. Babban na sa a dama, ƙaramin a hagu, don ai babba shi ke da dama.

Matan maƙwabta da ke dafa ruwan wanka suka tsaya suna kallo, hannu a haɓa. Wata ta ce, “Baban biyu, ba ka ganin sun yi nisa da wuta?” Na ce mata hayaƙi ne ke lalata ƙirjin yara, haka Nasara suka gano. (Ba wani Banasaren da ya gaya mini haka. A nan take na ƙera ta.) Daga jin an ce Nasara kowa ya yi shiru, don a lokacin ba a san iyakar abin da suka sani ba. Luba ma ba ta yi musu ba. Gajiya ta riga ta cinye ta.

Kwana biyu suka yi a ciki. Babban ya yi ta tsala ihu har muryarsa ta dushe. Ƙaramin kuwa ya yi shiru. In an ɗauko shi an ba shi nono sai ya ɗan taɓa ya saki. Luba ta ce mini, “Malam, wanga ba ya kama nono.” Na ce, “Daɗin gado na, barci yake sha. Shi wancan mai kukan bai saba ba tukuna.” Kun ji fassarar malamin da bai sauke ko izu ɗaya ba. Ita kuwa barcin da na yi abin dominsa ba ta samu ba, sai ma ya zama tana tashi tana taku huɗu nan, taku takwas can, da ɗanyen jiki.

Ranar suna aka tashi da yayyafi. Bayan sallar asuba zaure ya cika, har waje an shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rumfa. Liman ya yi addu'a, aka yanka raguna biyu (su ma sai da na zaga kasuwa na samo masu ƙaho iri ɗaya), aka raɗa suna, Hassan da Husaini, aka raba goro. Da hantsi ya ɗaga wanzami ya ce a fito da yara a yi aski.

A al'ada tsohuwa ce ke fito da jariri a hannu, a naɗe cikin zane. Amma ni ina da abin nunawa, maza kuwa ba su shiga cikin gida. Na ce a dakata. Na shiga da kaina, na ɗauko gadon Hassan da shi a ciki na ajiye a tsakiyar zaure, na koma na ɗauko na Husaini, na koma na kwaso kasake takwas na jera, na tsoma ƙafafu, na ƙara ruwa. Sannan na gyara tsayuwa na fara bayani, ruwa don kaza, tsawo don kaza. Dattawa suna gyaɗa kai. Wani ya ce in jikarsa ta haihu zai aiko. Kaina ya kumbura har hulata ta matse ni.

Daidai nan Altine ya iso daga bariki, yana karkaɗe ruwa daga riga. Ya yi sallama, ya ce, “Allah Shi raya,” ya kai hannu zai karɓi goro, sai idonsa ya faɗa kan gadajen. Ya tsaya. Ya zagaya su. Ya duƙa ya dubi kasake. Sai na ga kafaɗunsa sun fara rawa.

“Aboki, ina kag ga wanga?”

Na ce, da ƙarfi don kowa ya ji, “Gidan maigidanka. Inda yake kwantar da ɗansa.”

“Ɗansa?” Ya zauna daɓas a ƙasa. “Wane ɗa? Jama'a, ku taimake ni! Wanga ai akwatin nama na! Nan nike aje mai ragowar kaza da cinyar rago. Ranar da kaz zo, zabuwa ta a ciki, da shi yah harbo da kainai!”

Zaure ya ɗauka. Ban taɓa jin dariya irin wannan ba, har liman sai da ya rufe baki da gefen rawani. Wani ya ce a duba ko na barbaɗa musu gishiri. Wani ya ce Sarkin Fawa ya kamata a kira, ba wanzami ba. Altine yana share hawaye yana ƙarawa: “Shi ya sa ake aje shi wurin iska, a yafa mai jiƙaƙƙen ƙyalle. Don nama shi yi sanyi, kada shi lalace!”

Ina tsaye ina neman ramin da zan shige, sai na lura mutum ɗaya ba ya dariya. Wanzami ne. Ya ɗaga ƙyallen gadon Husaini, ya sa bayan hannunsa a kan cikin yaron, ya daɗe bai cire ba. Ya ɗago ya dube ni.

“Ai kuwa ya yi sanyi,” in ji shi.

Dariya ta mutu kamar an zuba wa wuta ruwa. Na leƙa. Leɓen yaron ya yi toka-toka, hannuwansa a sake, ƙirjinsa yana ɗagawa kaɗan, ya tsaya, ya daɗe, sannan ya sake ɗagawa. Na taɓa ƙafarsa, na ji kamar na taɓa gindin randa. Ban san na ce komai ba, amma an ce na yi ta kiran sunan Luba a gaban maza, abin da ban taɓa yi ba.

Allah da ikonSa, Gwaggo Tumba ta riga ta dawo, ta shiga ta ƙofar baya tana cikin mata. Sai ga ta a zaure ba ko mayafi, tsohuwar da ke tafiya da sanda, ranar ban ga sandar ba. Ba ta tambayi kowa komai ba. Kallo ɗaya ta yi wa gadajen, ɗaya ta yi mini. Ta sunkuci Husaini ta cusa shi cikin zanenta a ƙirji, ta ce, “Ɗauko ɗan'uwanai ka biyo ni.”

A ɗaki ta sa aka ƙara gawayi a ƙarƙashin gado. Ta tuɓe yaran biyu tsirara. Ta kwantar da Luba a jingine, ta ɗora mata su a ƙirji, ciki da ciki, fuska da fuska, ta naɗe su ukun da zane ɗaya mai kauri. Na ce ko in kira malam a yi rubutu. Ta ce, “Yi shiru ka tsaya nan ka gani.”

Na tsaya. Abin da na gani kuwa, shekara nawa yanzu, in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Hassan, wanda ya kwana biyu yana kuka ba ya jin rarrashi, jikinsa na taɓa na ɗan'uwansa ya yi tsit. Ya ja ajiyar zuciya irin ta babban mutum. Sai ya fara mutsu-mutsu, yana tura kai, har goshinsa ya haɗu da na Husaini. Ya ɗaga ɗan hannunsa, hannun da bai san ma nasa ne ba, ya yi ta lilo da shi a iska, ya sauke shi a kan wuyan ƙaramin, ya bar shi a nan. Ya lanƙwasa ƙafa ya saƙale ta ɗan'uwansa. Yaron kwana bakwai! Wa ya koya masa? Ba ya gani sosai, bai san sunansa ba, bai san ni ba, amma ya san wannan.

Ana jin yayyafi a kan rufi, ana jin Gwaggo tana salati a hankali. Na zuba wa ƙirjin Husaini ido. Da farko yana yi yana tsayawa. Can sai na ga kamar yana bin na Hassan, wannan ya ɗaga, wannan ya ɗaga, kamar mata biyu a turmi ɗaya. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba, na dai san inuwar bakin ƙofa ta matsa. Tokar leɓensa ta fara washewa. Yatsunsa suka motsa, suka kama kunnen Hassan. Sannan ya buɗe baki ya yi wani ɗan kuka siriri kamar na 'yar kyanwa.

Wallahi na ji kiɗi iri-iri a garin nan, ban taɓa jin abin da ya kai wannan kukan daɗi ba.

Gwaggo ta matso da shi, ta matsa nono a leɓensa. Ya lasa. Ya saki. Ya sake lasa, sai ya kama, ya fara ja, kumatunsa suna lotsawa. Luba ba ta yi kuka da murya ba, hawaye ne kawai ke sauka a kan zanen. Ni kuwa, namiji guda mai gemu, na tsinci kaina durƙushe a bakin gado ina ta “Allahu Akbar, Allahu Akbar,” ba ni da wata kalma.

Aski sai da la'asar aka yi shi, a cikin gida, kusa da wuta.

Kafin nan Gwaggo ta ce in kwaso “akwatunan naman” in zo da wuƙata. Na ɗauka ƙonawa za a yi. A'a. Ta ce in yanke ƙafafun ɗaya har ya yi daidai da tsawon gadon Luba. Ta ce in cire gefe ɗaya gaba ɗaya. Ta ce in kwance ɗayan in ƙara wa wannan faɗi, in toshe tazarar da zana don iska ta daina ratsawa. Ta sa aka shimfiɗa tabarma mai tauri da zane ɗaya a miƙe, ta fitar da tsummokaran da na cusa don taushi, ta ce su ne ke toshe hancin yaro. Sannan ta sa na manna buɗaɗɗen gefen da gadon Luba, ta wajen da ba bakin wuta ba, na ɗaure da kiri tamau, ta sa hannu ta laluba ko akwai ramin da yaro zai faɗa. Ina yi tana tsaye a kaina: “Nan. A'a, nan. Kai dai ja igiya, tunanin bar mini.”

Aka kwantar da su a rigingine, kafaɗa da kafaɗa. Ɗumin gado yana isa gare su, uwarsu ba za ta iya mirginawa kansu ba don wurin ba zai ɗauke ta ba, amma in ta miƙa hannu tana taɓa su duka biyu. Luba ta kwanta, ta sa tafin hannunta a kan ƙafafunsu. Tana cikin ce mini a ajiye wa Gwaggo cinya, maganar ta yanke. Barci. Da rana tsaka, gida cike da mata ana daka ana guɗa, ta yi barcin da rabonta da shi tun kafin ta haihu. (Kasake takwas kuwa Gwaggo ta ce a bar huɗu, wannan dabarar ba laifi. Ita kaɗai ce ta tsira daga ilimina na Nasara.)

Sunan da aka laƙa mini a unguwa ba zan faɗa ba, don har yau akwai masu kirana da shi. Abin da na koya dai, in ka ga abu a rufe a gidan wani, tambayi abin da ke ciki kafin ka koma gida ka auna tukurwa.

Da yamma, da Gwaggo za ta tafi, na raka ta zaure ɗauke da ƙwaryar namanta. Kunya ta ɗan sake ni, sai na ga ya kamata in wanke kaina ko kaɗan. Na ce, “Gwaggo, ni fa adalci na so in yi. Kowa da nasa, kada wani ya ce an fi son wani.”

Ta karɓi ƙwaryar ta ɗora a ka, ta gyara ta da kyau. Sannan ta faɗi maganar da har ta koma ga Allah ban samo amsarta ba, yau ga ni na fi ta tsufa ina nan ina nema:

“Ubangijin da Yay yi sama bakwai da ƙasa bakwai bai rasa hilin da zai aje su daban-daban ba, amma Yah haɗa su ɗaki guda wata tara. Kai da tukurwarka, mi kag gani da Shi bai gani ba?”